"Zan Duba": Tafiyata Akara da Takardar Malama Rakiya

Tun da na dawo daga Gana ba ni da sakat. A masallaci, a wurin mai shayin bakin layinmu, har cikin motar da ke kai mu aiki da safe, tambayar ɗaya ce: Malam Isiyaku, ya Gana? Sai in ce lafiya lau, akwai teku, akwai wuta. Wasu su yi dariya su ƙyale ni, wasu su ce na yi musu rowar labari kamar yadda na yi musu rowar tsaraba. Gaskiyar magana ban dawo da daɗin rai ba, kuma abin da ya ɓata mini ran ba ya faɗuwa a tsaye a bakin titi. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya huta da ni. Wanda labarin ya fi shafa shi ya ce in faɗa, in dai ban kama sunansa ba, don haka Farfesa kawai zan riƙa ce masa. Ita ma Rakiya ba sunanta ke nan ba.

Ga wanda bai san ni ba, a laburaren wata kwaleji nake aiki, a Suleja nake haya, kuma ni ne sakataren 'yar mujallar bincike da kwalejin ke fitarwa idan Allah ya nufa. Yadda aikin yake shi ne, malami ya yi bincikensa ya rubuta takarda ya aiko wa mujalla. Edita ba ya bugawa kai tsaye. Sai ya cire sunan marubucin ya tura wa masana biyu su duba, su ce a buga, ko a gyara, ko a watsar. Su ma masu dubar ana ɓoye sunansu, don kowa ya faɗi gaskiya ba tare da jin nauyin kowa ba. Haka dai aka tsara. Taron da aka tura ni Akara na editoci ne da masu duba daga ƙasashen Afirka, a kan yadda tsarin nan ya gaji da yadda za a yi masa magani.

Ana gobe zan tashi, da la'asar, Malama Rakiya ta yi sallama a gidana. Malamar kimiyya ce a kwalejinmu, a Madalla take zaune, kuma ƙawar mai ɗakina ce. Shekaru ta kwashe tana digirin dakta a kan rijiyoyin unguwarsu, waɗanda ke kusa da garejin makanikai da masu fasa batir, tana auna yawan dalmar da ke cikin ruwan da damina da kuma da rani. Ta gama komai. Abu ɗaya ya rage mata: jami'arta ba ta barin ɗalibi ya kare digiri sai an karɓi takardarsa a wata mujalla, ita kuwa tata ta fi shekara a hannun wata mujalla da ke Akara, ba a ce a'a ba, ba a ce i ba. Wa'adin da aka ba ta na ƙarshe zai cika kafin ruwan baɗi ya sauka. In ya cika ba takarda, sunanta ya fita.

Ta ajiye mini dambun nama a roba, ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, na ji editar jonal ɗin tana cikin masu shirya taronku. Hajiya Memuna sunanta. Don Allah in ka gan ta ka tambayar mini. Ba alfarma nake nema ba. Ko rijektin ne su yi mini, su ce ba sa so, in san inda na dosa."

Na ce, "Sofabaizanki bai yi musu magana ba?"

"Wanda ya fara da ni ya tafi waje. Sabon kuwa ko taitil ɗin ban tabbata ya karanta ba."

Na ce in sha Allahu ba zan dawo ba sai da amsa. Ta yi godiya har da ɗan rusunawa, abin da ya sa na ji kunya, don a karatu ta fi ni nesa ba kusa ba.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Farfesa ma an gayyace shi, a matsayin dattijon da ya daɗe yana duba takardu a fannin ruwa. Ya yi ritaya ya dawo gidansa na Suleja, kuma rabin malaman kimiyyar da ke tsakanin Minna da Abuja ta hannunsa suka bi, har da Rakiya, wadda ke ce masa Baba. Likita ya hana shi hawa jirgi saboda kunnensa, ni kuma kwaleji ta hana ni saboda dalilin da kuka sani, ba kuɗi. Haka muka haɗu a doguwar mota ɗaya daga Zuba zuwa Legas, shi da 'yar jakarsa da butarsa, ni da akwatin da mai ɗakina ta cika kamar zan yi hijira.

Ba mu kai Gwagwalada ba wani mai tallan magani ya miƙe a tsakiyar mota. Ƙwaya ɗaya ce a hannunsa, amma tana maganin basir da hawan jini da ciwon baya da mantuwa. Da ya ga furfurar Farfesa sai ya liƙe masa, ya ɗora masa kwali a cinya. Farfesa ya ɗauka, ya juya shi, ya gyara tabarau ya karanta har ƙasa, sannan ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Madalla. Zan duba."

Mutumin ya koma gaba da murnarsa. A Lokoja ya dawo, a Okene ya sake dawowa, amsar ba ta canza ba. A bayanmu akwai wata 'yar kasuwa, Mama Chidi, mai shagon leshi a kasuwar Suleja, za ta Kwatano sarin kaya. Ita ce ta gaji.

"Baba, ka gaya masa no kawai mana. Kana sa mutum yana wahala, yana zuwa yana komawa."

Farfesa ya yi murmushi ya ce, "Madam, ai ban ce masa zan saya ba."

"Amma ba ka ce ba za ka saya ba."

Bayan ta koma barcinta ya karkato wajena ya ce, "Isiyaku, a'a kalma ce mai nauyi. Na kai wannan shekarun ban iya ɗaga ta ba." Na yi dariya, don a lokacin abin dariya ne. Kowa a cikinmu ya san wannan zan duba ɗin. Da ita ake sallamar mai neman aro da mai neman aiki, kowa ya tashi da mutuncinsa.

A Legas mun sauka a Agege, gidan wani tsohon ɗalibinsa. An kawo mana amala da miyar ayoyo, ni na ci har na nemi ƙari, Farfesa ya leƙa kwanon ya ce zai duba, ya ciro gurasar da ya taho da ita. Washegari muka hau wata motar zuwa Badagiri, muka sake tarar da Mama Chidi a ciki, daga nan sai Seme, bakin iyaka. Nan na yi abin kunyata na farko. Katin rigakafin shawara, wanda ba a tsallakawa sai da shi, na saka shi a ƙasan akwati, akwatin kuma yana ƙarƙashin buhunan busasshen barkonon wani fasinja. Sai da aka sauke kayan mota kaf. Buhu ɗaya ya yage, muka tsaya a rana muna atishawa, da mu da direba da masu kaki, kowa yana kallona da jajayen idanu. Mama Chidi ta ce, "Malam laburare, littafin mutane kana ajiyewa daidai, naka kati ɗaya ya gagare ka."

A Kwatano ta rabu da mu. Garin 'yan acaɓa ne, dukansu da riguna ruwan ɗorawa, kuma mata ma suna tuƙa babur ɗinsu da jariri a goye, ba mai ko waiwayensu. Faransancina kalma ɗaya ce, ta godiya, da ita na sayi burodi, da ita na nemi banɗaki, da ita na ba wani haƙuri da na taka shi. Burodin nasu dogo ne mai tauri, sai da na jiƙa shi a shayi kafin ya yarda da haƙorana. Togo kuwa ban ce na gan ta ba. Na ɗan rufe ido bayan mun shiga, da na buɗe aka ce mu sauko mu taka da ƙafa, ga Gana can.

A Akara an sauke mu a masaukin baƙi na wata jami'a, ɗaki mai tsabta da fanka mai aiki. Da safe na yi wanka na sa babbar riga na nufi zauren taro, na tarar ba kowa sai mai goge kujeru. Na zauna ina ta faɗa a raina, ashe rashin cika lokaci ba namu ba ne mu kaɗai. Can mutumin ya matso ya nuna mini agogon bango. Ashe agogonsu yana bayan namu da awa guda, ni kuwa ban gyara nawa ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na riga kowa zuwa taro, shi ma bisa kuskure.

Masu tambayata abinci, ga shi. Akwai wake da shinkafa da suke dafawa da karan dafi har ta yi ja, suna kiranta da sunan da ka ji ka san daga bakinmu ya fita. Akwai dokunu, tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji mai mai. Ranar farko na ture shi, ranar ƙarshe na nemi a ƙulle mini. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne layi. Mutane su tsaya a tasha ɗaya bayan ɗaya suna jiran mota, ba mai shiga ta taga. Na tuna yadda muke kokawar motar Abuja a Madalla da asuba, na ji wani iri. Ranar Juma'a mun je unguwar Nima, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, sai dai Hausar tasu ba ruwanta da mace ko namiji. Wani dattijo ya ce mini, "Matana ya tafi kasuwa," na buɗe baki zan gyara masa, Farfesa ya taka mini ƙafa.

Taron kansa bai yi mini daɗi ba, ba don an yi shi ba daidai ba, sai don kowa ya tashi kukan da nake yi a ofis shi yake yi. Na ɗauka mu ne kawai ke rasa mai duba mana takarda saboda mujallarmu ƙarama ce. Sai ga wani edita daga Kenya yana cewa yakan aika wa mutane har ya gaji da aikawa kafin mutum ɗaya ya amsa, don aiki ne na kyauta, ba lada ba suna, kuma kowa yana fama da tasa takardar. Wata daga Senegal ta karanto mana rahoton wani mai duba, yabo tsantsa da Turanci mai santsi, ta ce na'urar nan mai rubutu ce ta rubuta shi, mutumin ko buɗe takardar bai yi ba. Wani ya kawo ƙarar masu cewa ba za su wuce da takarda ba sai an ambaci nasu ayyukan a ciki. Wani kuma ya yi maganar mujallun bogi da ke karɓar komai kafin shayinka ya huce. Aka kawo magunguna iri-iri: a riƙa biyan masu duba, a lissafa musu aikin wajen ƙarin girma, a riƙa sakin takarda kowa ya gani kafin a duba ta. Kowane magani da wanda zai tashi ya faɗi ciwon da zai haifar.

Inda aka fi zafi shi ne batun bayyana suna. Matasan wurin suka ce a daina ɓoye-ɓoye, mai duba ya sa hannu a ƙasan abin da ya rubuta, kowa ya gani. Aka nemi Farfesa ya ce wani abu. Ya tashi a hankali ya ce shi bai ƙi ba, amma a tuna akwai wuraren da yaro ba ya kallon idon malaminsa ya ce ka yi kuskure, malami kuma ba ya son a ce da hannunsa aka kashe yaronsa. Ya ce kuma ɓoye sunan ma wasa ne a ƙaramin fanni, don masu auna ruwan rijiya a yankinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, shafin farko ya isa ka san mai takarda. Aka tafa masa sosai. Ni na fi kowa tafi.

Hajiya Memuna sai a rana ta ƙarshe na same ta, wajen shan shayi. Doguwar mace ce mai saurin magana, 'yar Nima, ta yi karatunta a Turai ta daɗe a can. Da ta ji daga Najeriya nake sai ta juya Hausa. Na faɗa mata sunan Rakiya da batun wa'adinta. Ta ajiye kofi ta dafe kai.

"Rijiyoyin Madalla. Na sani, wallahi na sani. Yarinyan nan ya rubuto mini ya fi a ƙirga. Mai duba na farko ya gama tuntuni, layi uku, ba abin da mutum zai riƙe a ciki. Na biyu nake jira. Ba zan gaya maka sunansa ba, ka san doka."

Na ce, "Hajiya, ba za a canza shi ba?"

"Da wa? Duk wanda na aika wa, shiru. Shi kaɗai ya amsa. Kuma babban mutum ne, ya san aikin fiye da kowa, ba a korar irinsa. Bai taɓa ce mini ba zai yi ba. Duk lokacin da na tuna masa yana ba ni amsa, da Hausa ma, don ya san ina jin daɗi. Zan duba. Kullum haka, zan duba. To mutum ya ce zai duba, aikin kuma sunansa duba, me zan ce masa?"

Nan take na gane wanda take nufi. Ita a wurinta alkawari ne aka yi mata, ta riƙe shi fiye da shekara. Na ɗaga kai, ga Farfesa can gefen zaure, wani matashi yana miƙa masa kundinsa, shi kuma yana karɓa da hannu biyu yana gyaɗa kai. Ban ji abin da ya ce masa ba, ban kuma buƙaci ji ba. Na yi wa Hajiya godiya na fita waje.

Ban yi masa maganar a Akara ba. Yaya zan fara? Mutumin da ko takalmina ba na shiga da shi falonsa. Muka kamo hanya ina ta juya abin a raina, shi kuma yana tambayata ko dokunu ne ya ɓata mini ciki. Allah ya kawo dalili bayan mun wuce Lome, inda motarmu ta yi faci da hantsi, direba ya tafi neman mai gyara. Muka zauna a kan wani benci a inuwar rumfar mai sayar da kwakwa, mu biyu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga Hajiya Memuna a kan takardar Malama Rakiya. Ba ta faɗa mini suna ba. Ta dai faɗa mini amsar da ake ba ta."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Tun layin farko na san tata ce," ya ce. "Na karanta ta sau uku a ranar da ta zo. Aiki ne mai kyau, Isiyaku, ta sha wahala. Amma kwalaben sun kashe ta."

"Waɗanne kwalabe?"

"Waɗanda ta ɗebi ruwan a ciki. In za ka auna dalma, akwai kwalba ta musamman, kuma sai ka ɗiga wani sinadari a ruwan nan take, in ba haka ba dalmar takan manne a jikin kwalbar kafin ka kai ɗakin gwaji. Ita robobin lemo ta wanke da sabulu, ba sinadari, ta kuma rubuta hakan da gaskiyarta. Duk lissafin da ta fitar ba abin dogaro ba ne. Wataƙila ma abin da ke cikin rijiyoyin ya fi abin da ta rubuta muni."

Na ce, "To me ya hana a gaya mata?"

"In na rubuta gaskiya, na yanka ta, kuma za ta san ni ne, don ta san rubutuna. In na ce a buga, na yi ƙarya a kan ruwan da mutane ke sha. In na ce ba zan duba ba, a kai wa wani baƙo ya yi mata kaca-kaca a layi biyu. Sai na ce bari in riƙe tukuna, in samu hanyar da zan gaya mata a hankali. Yau, gobe. Ta zo gaishe ni da salla, ta kawo mini cincin, na buɗe baki na kasa."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Da an gaya mata bara, da ta sake ɗibar ruwan da daminar nan da ta wuce. Rijiyoyin a bayan gidanta suke. Yanzu ruwa ya ɗauke, wa'adinta kuma zai cika kafin wani ya sauka."

Ya ce, "Na sani. Tun da aka yi ruwan ƙarshe nake lissafin nan."

Mai kwakwa ta fasa mana biyu ta miƙo, muka karɓa, ba wanda ya sha. Ban taɓa ganin tsufansa kamar ranar ba. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma rasa wanda ya fi yawa. A Legas ya sa tsohon ɗalibinsa ya kai shi inda ake sayar da kayan ɗakin gwaji, ya sayo kwalaben kwali guda da sinadarin, ya rungumo su a cinya har Zuba bai yarda an sa su a but ɗin mota ba. A hanya ya rubuta wa Hajiya Memuna rahotonsa a waya, da yatsa ɗaya, ya kuma sa sunansa a ƙasa ko da yake ba a nema ba.

Kwana biyu da dawowarmu ya ce in raka shi Madalla. Muka bi ta bayan gareji, ta gefen wata rijiya inda mata ke jan ruwa, muka yi sallama. Rakiya ta rasa inda za ta sa mu don murna. Ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa a faranti, ta ce, "Na leda ne, Baba, ba na rijiya ba." Sannan ta durƙusa daga gefe ta dube ni, tana jiran amsar da na yi mata alkawari.

Farfesa bai bar ni na yi magana ba. Ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai kuma kare kansa ba. Tana sauraro kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafinta. Da ya zo kan kwalaben sai ta ɗago kaɗan.

"Na nemi na gaskiyan a lab, Baba, aka ce babu. Na tambayi sofabaiza, ya ce in yi amfani da abin da na samu."

"Na sani, 'yata. Laifin ba naki ba ne."

"Tun yaushe Baba ya gani?"

"Tun ranar da ta zo hannuna."

Na ga tana ƙirga wani abu a ranta, na kuma san damina take ƙirgawa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ba komai, Baba. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ya tura mata kwalin gabanta. Ya ce zai je jami'ar da ƙafarsa ya roƙi a ƙara mata shekara, ko da zai kwana a ƙofar ofishinsu, duk da ya san sun ce wannan ne na ƙarshe. Ya ce in ruwa ya sauka shi da kansa zai riƙe mata guga, su bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, su sake aikin daga farko. Ya ce, "Ki zo gida ranar Asabar mu tsara. Kin ji, Rakiya? Za ki zo?"

Ta sa hannu biyu ta ɗauki kwalin, ta duba rubutun jikinsa har ƙasa, sannan ta mayar da shi gabansa a hankali.

Ta ce, "To, Baba. Zan duba."

Ni na ɗauko kwalin da za mu fito, don shi ya kasa sunkuyawa. Yana nan ƙarƙashin teburina a laburare. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, Farfesa yana zama a ƙofar gida tun hantsi da hularsa a kai.